Minti Huɗu a Tasawa

Shekarar da gero ya tsaya iyakar gwiwa ya bushe a tsaye, takarda ta iso gidan likitan Hawan Dawaki daga Yamai. Majo Mamudu, anfirmiye, wato ma'aikacin jinyan da ke riƙe da wurin, ya karanta ta sau biyu kafin ya ɗaga kai. Daga sabuwar shekara, in ji takardar, duk wanda ba shi da diplom, takardar shaidar karatun aikin, ba zai ƙara taɓa allura ba. Tsofaffin ma'aikata da suka koyi aikin a hannu an ba su dama ɗaya: jarrabawa a Tasawa, kwana biyu. Rana ta farko tambayoyi da baki, ta biyu aikin hannu. Wanda ya ci ya sami takarda. Wanda ya faɗi, ko bai zo ba, ya ja gefe. Zamanin soja ne. Ba a tambayar takarda dalili.

Mutum ɗaya maganar ta shafa a wurin, shi ne Ishaƙu. Shekara ashirin da biyu yana gidan likitan nan. Aji uku ya yi a lakwal, makarantar boko, ya iya karanta sunan magani a jikin kwalba, sauran kuwa idonsa da hannunsa suka koya. Majo shida, shugabannin gidan likitan, ya gani sun zo sun tafi. A farin da ya wuce, shekara goma baya, shi kaɗai aka bari da ƙyanda da gudawa har wata huɗu, kuma ba wanda ya tambaye shi diplom a lokacin.

"Baba Ishaƙu, sai ka tahi," in ji Majo.

"Wa zai tambaye ni?"

"Lokotoro ne, babban likita, daga Maraɗi."

"Ya taɓa ganin Hawan Dawaki?"

Ishaƙu ya wanke farar rigarsa ta aiki, ya linke, ya tafi.

A wata lakwal aka tara su, mutum goma sha shida daga ƙasar Tasawa da ta Mayahi. Suka zauna a inuwar dogonyaro, ana kiran su ɗaya bayan ɗaya zuwa wani aji mai rufaffiyar ƙofa. Ba wanda ya fito ya gaya musu yadda abin yake, tambaya nawa ce, ko mene ne ke sa a sallami mutum. Inda ba a yi bayani ba kuwa, baki ke cike wurin. Bakin da ya cike shi ran nan na wani mai suna Bature ne, ma'aikacin gidan likitan Baudeta. Ya taɓa zama irin wannan jarrabawa a Damagaram ya faɗi, don haka ya zama malamin kowa. Yana da agogon hannu, shi kaɗai a cikinsu.

"Ku saurara, ni na san cikin abin ga," in ji shi. "Kun ga takardar da sojan can ya shiga da ita? Daga Yamai aka rubuto ta. Kowane suna da mintocinsa a gaba. Wanda ake so, rabin awa, don a cika takarda da amsoshinsa. Wanda aka riga aka zubar, tambaya biyu uku a sallame shi. Mi za a ɓata yawu a kan gawa?"

A'i, ungozomar garin Cake, dattijuwa mai jan baki saboda goro, ta tofar a gefe. "Mu a Mayahi akasin haka muka ji. An ce wanda aka daɗe da shi, ramin da za a jefa shi ake haƙawa."

"Mayahi! Ku da labari ke iso muku bisa jaki?"

"Kai da ya iso maka bisa jirgi, mi ya hana ka ci waccan?"

Aka yi dariya. Bature bai ji kunya ba, ya ma ɗaga hannu mai agogo sama. "Minti shida aka ba ni a Damagaram. Shida! Ba ga shaida ba? Na ɗanɗana da bakina, iya, ba ji na yi ba."

Wani ya ce shi ya ji da isansi ake auna abin, an ba lokotoro man mota na kwana biyu cif, saboda haka duk wanda layi ya kai bayan azahar yanke masa ake yi. Wani ya ce da shekaru ne, tsoho ba a wahalar da kai a kansa tunda ya kusa ajiye aiki. Kowa ya kawo nasa, kowa ya rantse.

Ishaƙu yana gefe a kan tushen bishiya, bai sa baki ba. Bai ɗauki Bature a bakin komai ba. Amma kunne ba shi da marfi.

Na farko ya fito yana share gumi. "Talatin da ɗaya," in ji Bature. "Barka, ɗan'uwa, ka haye." Na biyu ashirin da huɗu. A'i ta yi goma sha takwas, Bature ya karkata kai ya ce rabi da rabi, sai addu'a. Shi kansa da ya shiga sai da ya yi minti arba'in, ya fito yana tafiya kamar wanda aka naɗa.

Sannan aka kira Ishaƙu.

Ya cire takalmi a bakin ƙofa. A ciki tebur ɗaya ne. Lokotoro Abdurrahamane na zaune bayansa, siriri mai tabarau, bai wuce arba'in ba. A gefe wani hafsan soja, liyetna, yana riƙe da jerin sunaye, aikinsa ya shaida an bi doka. Ishaƙu ya fara gaisuwa yadda ake yi wa manya, ina kwana, ina gajiya, yaya hanya, yaya aka baro mutanen Maraɗi.

"Lahiya lau. Zauna," in ji lokotoro, bai ɗaga kai ba. "An kawo maka yaro, gudawa kwana biyu, maɗiga ta faɗa. Mi za ka yi?"

"In tsunkuli fatar cikinsa. In ta koma, ruwan gishiri da sukari, cokali cokali, uwa ta ci gaba da ba shi nono. In ta tsaya a tsunkule kuma ba ya iya sha, ƙarin ruwa, ba jira."

"Allura, minti nawa a wuta?"

"Ashirin. Daga tafasa ake ƙirgawa, ba daga ɗorawa ba."

"Bazara. Saurayi, zazzaɓi, ciwon kai."

"In kwantar da shi in ɗaga kansa. In wuya ya ƙi lanƙwasa, sanƙarau ne har sai an ga ba shi ba. In ware shi, in fara magani, in aika Tasawa a ranar. In tambayi su wa ke kwana ɗaki ɗaya da shi."

Lokotoro ya rubuta wani abu gajere. "Shi ke nan. Gobe ƙarhe takwas."

Ishaƙu bai motsa ba. Yana jiran a zo kan haihuwa, kan saran maciji, kan karaya, kan yaron da yunwa ta kumbura wa ƙafafu. Yana da amsar kowanne, da sunan wanda ya koya a jikinsa.

"Na ce shi ke nan, malam."

Ya tashi. Ya sa takalminsa ya fito cikin rana. Bature ya duba agogo, ya kai shi kunne ya ji ko ya tsaya, ya sake dubawa.

"Huɗu," ya ce a hankali. "Ko ni shida aka ba ni. Allah shi ba da haƙuri, Malam Ishaƙu."

Shekara ashirin da biyu aka ɗora a sikeli, aka ce nauyinta minti huɗu. Ko mai sayen akuya a kasuwa yakan buɗe bakinta ya duba haƙora, ya shafa ƙugu, ya sa ta yi tafiya. Shi ko gaisuwarsa ba a bari ta kai ƙarshe ba. Yaron da aka yi minti talatin da ɗaya da shi, jiya jiyan nan ya fara wanke ciwo. Bature, wanda kowa ya san ya taɓa karya allura a ɗuwawun mai gari, an ba shi arba'in.

A'i ta taso ta tare shi a bakin ƙofar lakwal. "Malam, kada ka biye wa wannan mai bakin ganga. Gobe dai ka zo."

"In zo in yi mi? Sun yi wasa da bakina, in kawo musu hannuna su ƙara?"

"Wa ya ce maka ka hwaɗi?"

"Ba sai an ce ba. Ni ba yaro ba ne."

Ya wuce tasha. Ya sami motar ƴan kasuwa mai zuwa kudu, ya hau baya tsakanin buhunan kanwa. Duk tsawon hanya gonaki ne a tsaye ba zangarniya, da garuruwan da aka toshe ƙofofin gidajensu da ƙaya, mutanen sun tafi neman abinci. Bai kalle su ba. Lokotoro yake gani, da kan nan da bai ɗago ba.

Bayan la'asar ya isa gida. Matarsa Habsatu na tsakar gida tana surfen jar dawar taimako, irin wadda kaji ma sai sun yi shawara kafin su ci. Ta tsayar da taɓarya.

"Malam? Ba kwana biyu aka ce ba?"

"An gama da ni a ɗaya."

Ya gaya mata, a gajarce. Ta saurara har ƙarshe, ta jingina taɓarya da bango.

"Lokotoron ne ya ce ka hwaɗi?"

"Bai ce ba."

"Sojan?"

"Bai ce ba."

"To wa ya ce?"

"Kowa ya sani. Wanda aka yi wa gajeriya an zubar da shi."

"Kowa wa? Mi lokotoro ya ce da bakinsa?"

"Ya ce gobe ƙarhe takwas."

"Mutum ya ce maka gobe ƙarhe takwas, ka hau mota ka taho gida." Ta tafa hannu. "Shekara talatin ina gaya maka magana ba ka ji, yau agogon Baudeta ya yi magana ka ji. In ba ka je ba su soke sunanka, mi za ka yi? Gonar ce za ta riƙe mu? Je ka dube ta. Ko mu ma mu toshe ƙofa da ƙaya mu bi sahu?"

"Habsatu."

"Kuma mutanen da ke kwana a bakin gidan likita, wa zai taɓa su? Majo hannu biyu gare shi."

"Na ce ya isa. Ba na komawa inda aka wulaƙanta ni. Da in durƙusa wa yaro gara in ci ƙasa."

"Ƙasar ce ta rage, ai," in ji ta, ta ɗauki taɓarya.

Da safe ya sa farar rigarsa ya tafi aiki kamar kowace rana. Majo Mamudu ya gan shi ya buɗe baki, ya ga fuskarsa, ya rufe. Layi ya riga ya kai bakin rijiya. Mata ne galibi, da yara a baya da yara a hannu, wasu daga garuruwan da ba sauran kowa. Majo ya ɗauki ɗakin ciki, Ishaƙu ya zauna a kan bencin baranda ya fara.

Ta uku a layi ta kawo yarinya ƴar shekara biyu, jiki da ɗumi, tana numfashi sama sama. Ya duba ido, ya duba baki, ya kasa kunne a ƙirji. Bai gamsu ba. Ya danna ciki, ya duba bayan kunne ko ƙyanda ce ke shirin fitowa, ya tambayi uwar yaushe ya fara, mi ta ci, wa ke tari a gida. Ya sake kasa kunne. Ya ƙirga numfashi, ya sake ƙirgawa. Sai da layi ya fara gunaguni sannan ya tura su wurin Majo.

Ta huɗu ta miƙo yaro mai kuka da ƙarfi, yana harbin iska. Ishaƙu ya ja fatar ido ƙasa, ya tsunkuli ciki, ya leƙa baki.

"Haƙori ne. Ba shi da komi. Ki ba shi nono. Ta gaba."

Matar ba ta tashi ba. "Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Tun asuba na taso daga garinmu da ƙafa, ba ko ruwa a cikina, ka dube shi kamar ƙiftawar ido ka ce shi ke nan? Waccan ka zauna da ita kamar za ka aure ta! Ita ƴar wa ce? Ko don mu ba mu da kowa a garin ga?"

Fushin jiya bai huce ba, ya sami ƙofa. Ishaƙu ya daka mata tsawa har Majo ya leƙo.

"Ke! Na daɗe da waccan don ban gane abin da ke damun ɗiyarta ba! Naki da gani na sani! In zauna ina latsa lahiyayyen yaro don ki ji daɗi? Wanda na daɗe da shi ai shi ne abin tausai, ba ke ba!"

Matar ta ja ɗanta ta tashi tana zagi ƙasa ƙasa. Ta gaba ta matso ta zauna. Ishaƙu bai gan ta ba. Hannunsa na kan gwiwa, bakinsa a buɗe kaɗan. Maganar da ya faɗa ta tsaya a barandar ta ƙi tafiya. Tambaya uku. Amsa uku. Lokotoro bai ce a sake ba, bai ce ka tabbata ba, bai juya tambayar ta wata fuska ba. Ya rubuta abu gajere ya ce gobe.

"Majo," ya ce. "Ƙarhe nawa?"

"Tara saura."

Ya miƙe. Bai cire rigar ba.

Ba ranar kasuwa ba ce, ba mota. Abin da ke garin mai ƙafa huɗu na ƙarfe ɗaya ne, kamiyon soja, babbar motar kayan da ta kawo jar dawa jiya, yana gaban gidan mai gari ana shirin komawa. Ishaƙu bai taɓa roƙon soja komai ba a rayuwarsa. Ya je ya tsaya a gindin ƙofar direba, wani saurayi mai cin gyaɗa, ya ce a taimake shi zuwa Tasawa.

"Ba a ɗaukar farar hula, baba."

"Na sani."

"To?"

"Roƙo nake."

Sojan ya dubi farar rigar, ya dubi furfurar, ya nuna baya da babban yatsa. Amma bai tashi ba sai da aka kawo masa takardar shaidar buhuna da sa hannun mai gari, mai gari kuwa ya tafi jana'iza. Goma ta wuce kafin su kama hanya. Sau biyu kamiyon ya nutse a rairayi. Sau biyu Ishaƙu ya sauka ya tona ƙarƙashin taya da hannu, ya shimfiɗa kara, ya tura tare da sauran. Yana tonawa yana zagin Bature, yana zagin lokotoro, yana zagin Yamai da takardunta. Kansa ne kawai bai ambata ba, don wannan zagin ya fi ƙarfin baki.

An yi azahar kafin su shiga Tasawa. Ya sauka a bakin kasuwa ya tafi lakwal da sauri irin na dattijo, rigar ta koma ja.

An gama. Ana fito da kayan aiki daga ajin ana zubawa a akwati, tire da almakashi da bandeji. Ƴan jarrabawa na tsaye a inuwa. Lokotoro Abdurrahamane na bakin ƙofa, liyetna na kan tebur yana sa hannu a takardu. Da lokotoro ya hango shi sai ya cire tabarau ya taho da kansa.

"Ina ka shiga? Sau uku aka kira sunanka. Na sa ka na farko don sauran su ga yadda ake kama jijiya. Na aika tasha, na aika masallaci."

"Gida na tahi."

"Gida? Don mi?"

"Minti huɗu ka ba ni."

Lokotoro ya dube shi kamar bai ji Hausar ba. Sannan ya juya ya dubi taron da ke inuwa, ya ga yadda kowa ya sunkuyar da kai, ya gane.

"Wa ya gaya muku ana raba mintoci?" Ya ɗaga murya. "Wa? Ba wanda ya rubuto mini minti ko ɗaya! Ina tambaya har in tabbata. In na tabbata mutum ya iya, in tsaya. In na tabbata bai iya ba, in tsaya. Wanda na daɗe da shi, nema nake in ga ko akwai abin da zan kama in tsamo shi. Tsawonta ba ya gaya muku komi!" Ya juyo kan Ishaƙu. "Kai a tambaya ta biyu na gama da kai. Ta ukun don daɗin ji na yi ta."

Bature ya sa hannu mai agogo a aljihu.

Ishaƙu bai ji sanyi ba. Wutar ma ƙaruwa ta yi. "To mi ya hana ka hwaɗi haka jiya? Mutum goma sha shida zaune a waje. Ka fito ka yi wannan magana da safe, numfashi nawa za ta ci maka? Ni kuma, kalma ɗaya ta gagare ka? Ka ce madalla. Ko ka ɗaga kai ka dube ni."

"Doka ta hana in nuna wa kowa sakamakonsa."

"Doka ta hana ka amsa gaisuwa?"

Lokotoro ya mayar da tabarau. Da ya sake magana, ƙasa ƙasa ya yi ta, yadda liyetna ba zai ji ba.

"Saurara. An rubuta ba ka zo ba, amma liyetna bai rufe ambulan ba tukuna. Akwai uzuri ɗaya da takarda ta yarda da shi: aiki ya tsare ma'aikaci. Ga rigarka, ga ƙura. Ka ce an aiko maka akwai mara lahiya a bakin mutuwa, ka koma, ya tsare ka har safe. In fito da tire yanzu, mu gama kafin la'asar."

A'i ta matso kusa, ta ji. "Ka ce haka, malam. Ai ka duba marasa lahiya yau, ko ba ka duba ba?"

"Na duba."

"To ina ƙaryar?"

Liyetna ya ɗago kai daga tebur. Yaro ne, bai kai ɗan Ishaƙu na fari ba. "Wannan ne mai lamba tara? Baba, matso. Mi ya hana ka zuwa ƙarhe takwas?"

Ishaƙu ya matsa. Ya ji idon lokotoro a gefen fuskarsa, ya ji numfashin A'i a bayansa. Shekara ashirin da biyu bai taɓa rubuta allurar da bai yi ba, bai taɓa cewa magani ya ƙare alhali yana nan ba. Abin da yake da shi ke nan, shi ne diplom ɗinsa. Ya buɗe baki, maganar da aka ba shi tana kan harshe, gajeriya, mai sauƙi.

"Ba abin da ya hana ni, ranka shi daɗe. Fushi na yi na tahi gida."

"Mara lahiya bai tsare ka ba?" in ji lokotoro da ƙarfi.

"Ba wanda ya tsare ni."

A'i ta ce, "Kaico, wannan tsoho!" ta juya baya.

Liyetna ya daɗe yana dubansa. Ba mugunta a fuskarsa, ba kuma wani abu daban. "Fushi ba ya cikin uzurin da aka lissafa," ya ce. Ya zura takardun a ambulan, ya lashi bakinta, ya danna hatimi.

Lokotoro ya bi Ishaƙu har bakin ƙofar lakwal. "Na buɗe maka ƙofa ka ƙi shiga. Kana tsammani kai kaɗai ka yi hasara? Mutum nawa ke ƙasarku? Girman kanka ya fi su?"

"Da ka buɗe bakinka jiya, da ba ka buƙaci buɗe mini wannan ba yau."

"Ba za a sake wata ba sai bayan shekara uku, in an sake. Lokacin shekarunka sun wuce."

"Na ji."

Suka tsaya suna duban juna, kowa na da gaskiya a hannu, ba wadda za ta yi wa wani amfani. Ishaƙu ya juya ya tafi tasha.

Sakamako ya fito bayan wata ɗaya. A'i ta ci. Bature ya faɗi, ya ce ai dama an canza tsarin a daren. Gaban sunan Ishaƙu an rubuta maki mafi yawa a tambayoyin baki, sannan kalma ɗaya ta Faransanci wadda aji ukunsa ya ishe shi ya karanta: bai zo ba. Habsatu ta ci gaba da surfen jar dawarta.

Ran ɗaya ga sabuwar shekara ya dafa allurai, minti ashirin daga tafasa, ya jera su a tire, ya kai ɗakin ciki ya ajiye gaban Majo.

Majo ya ce, "Baba Ishaƙu, wa zai sani in ka yi allura? Nan da Tasawa rairayi ne."

"Ni zan sani."

Ƙyanda ta shigo kafin sanyi ya fita, gudawa na biye da ita. Wata safiya aka kawo yaro ɗan wata goma, ido ya faɗa, fata ta tsaya a tsunkule, ba ya ko iya kuka. Majo ya nemi jijiya a hannu ya rasa. Ya soka a ɗayan ya rasa. Gumi na ɗiga daga haɓarsa. Uwar ta dubi Ishaƙu da ke tsaye a kansu.

"Baba likita, kai ka yi mana. Don Allah kai ka yi."

Ishaƙu ya mayar da hannayensa baya, ɗaya ya damƙe ɗaya.

"Bar hannun," ya ce wa Majo. "Duba gefen kai, sama da kunne. Aske wurin. A'a, ƙasa kaɗan. Nan. Kwantar da allurar, kada ka tsaya da ita. A hankali. A hankali na ce!"